Shekarun Amshi

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi)

  Gaisuwa ta musamman ga mutanen Ƙaraye da Rogo: na Yammedi da Turawa da Kurugu da Tudun Kaya, na Zarewa da Fulatan da Beli da Gwangwan, har da masuntan bakin madatsar ruwa ta Challawa da manoman rani da ke jin mu daga cikin fadama. Allah ya sa muna lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Yau zancen kiɗa za mu yi. To, kafin wani dattijo ya miƙa hannu ya murɗe rediyonsa, bari in yi saurin cewa ba fatawa na zo bayarwa ba. Hukuncin kiɗa da waƙa magana ce ta malamai, sun yi ta, kuma kowa ya san malamin da yake bi. Abin da ya kawo ni daban ne. Ko muna so ko ba ma so, akwai yaranmu da suka sa wannan abu a ransu. Za ka tambayi uba ina wane, ya ce maka ya tafi birni koyon fiyano, yana faɗa yana kawar da kai. Tunda sun riga sun tafi, gara mu san me ake koya musu a can, me kuma ba a koya musu, mu kuma duba yadda waɗanda suka yi suna a wannan sana'a suka sami hannunsu, a nan gida da can wata uwa duniya.

Wanda ya taɓa leƙa ɗakunan ɗaukar waƙa na wajajen titin gidan Zoo a Kano ya san yadda aikin yake tafiya. Ɗaki ne ɗan ƙarami, an manne bangonsa da soso don kada ƙara ta shiga ko ta fita. Ga kwamfuta, ga fiyano a kan tebur, janareto na ruri a waje. Mawaƙi ya shigo da baitocinsa a cikin waya, ya rera amshin sau biyu. Mai kiɗa ya danna wani maɓalli, sai ganga ta tashi da kanta, ba ta gajiya, ba ta kuskure. Ya sa yatsu uku na hannun dama ya laluɓo karin waƙar, hannun hagu kuwa yana riƙe da waya ko ledar ruwa. Idan muryar mawaƙin ta fi ƙarfin inda yatsunsa suka saba, ba sai ya koyi sabon wuri ba, akwai maɓallin da zai taɓa ya ɗaga sautin gaba ɗaya. Idan mawaƙin ya kauce hanya, kwamfuta ta miƙe masa murya. Kafin la'asar an gama waƙa, kafin isha'i tana yawo a TikTok.

Ba raina masu wannan aiki nake yi ba. A cikinsu akwai gwanaye na gaske, masu kunne, waɗanda za su ji waƙa sau ɗaya su gina mata kiɗan da zai zauna. Amma ku lura da abu guda a cikin ɗakin nan: daga farkon aikin har ƙarshensa, babu wanda ya ce wa wani, "Ba haka ba ne, sake." Na'ura ta ɗauke wa kowa wannan nauyi. Yaron da ke zaune a lungu yana kallo, abin da yake koya shi ne wane maɓalli ake dannawa.

Abin da muke kira fiyano a nan jikan wani abu ne da ba ya shan wutar lantarki sam. Fiyano na asali akwati ne na katako da ƙarfe, babbansa yakan kusa kai rabin tan. A cikinsa akwai tsarkiyoyin ƙarfe fiye da 200, a gabansa akwai madannai 88, farare da baƙaƙe. Kowane madanni ka taɓa, wata 'yar guduma mai laushin baki ce za ta tashi ta bugi tsarkiya. Wani Ba'italiye mai suna Bartolomeo Cristofori ne ya ƙirƙiro shi a birnin Florence wajajen shekarar 1700, kuma abin da ya bambanta shi da waɗanda suka gabace shi shi ne yana jin nauyin hannu: ka taɓa a hankali ya yi raɗa, ka danna da ƙarfi ya yi tsawa. Babu gangar da za ta tashi da kanta, babu maɓallin ceto. Duk abin da kunne zai ji, daga yatsu goma ya fito.

A wannan zamani, ƙasar da yaranta suka addabi duniya a kan wannan akwati ita ce Koriya ta Kudu. Bari in ba ku labarin guda ɗaya daga cikinsu, Lim Yunchan. An haife shi a shekarar 2004 a garin Siheung, kusa da Seoul babban birnin ƙasar. Yana ɗan shekara 7 aka kai shi wata 'yar makarantar koyon fiyano ta unguwa, irin waɗanda suka cika garuruwansu. Da aka ga hannunsa, sai ya wuce makarantar kiɗa ta babbar cibiyar fasaha ta Seoul. Yana ɗan shekara 13 ya shiga cibiyar da gwamnatinsu ta ware don yara masu baiwar fasaha, a can ya haɗu da malaminsa, Sohn Minsoo. A 2019, yana da shekara 15, ya ci gasar Isang Yun a ƙasarsu. A watan Yuni na 2022 ya je garin Fort Worth a jihar Texas ta Amurka, inda ake gasar Van Cliburn, wadda ake tace mutum 30 kacal daga ɗaruruwan masu nema. A zagaye na kusa da na ƙarshe ya zauna ya kaɗa wasu darussa 12 na Franz Liszt a jere, fiye da awa ɗaya, da ka, babu takarda a gabansa, darussan da manyan gwanaye ke shakkar haɗa su a zama ɗaya. Ya ɗauki lambar zinare da dala 100,000 yana da shekara 18, kuma ba a taɓa samun mai ƙarancin shekarunsa da ya ci wannan gasa ba.

Na san kunnen samari ya tsaya a kan dala dubu ɗarin nan. Ni kuwa abin da ya biyo baya ne ya fi ɗaukar hankalina. Yaron da manyan ɗakunan taro na duniya ke layin gayyata, a shekarar 2023 malaminsa ya koma koyarwa a wata makarantar kiɗa a birnin Boston, sai ya tattara kayansa ya bi shi, ya ci gaba da zama ɗalibinsa. Duniya ta ce ya iya, shi kuma ya ga har yanzu yana bukatar mutumin da zai saurare shi ya ce masa ya sake.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Kafin shi, Cho Seong-jin ya ci gasar Chopin ta birnin Warsaw a 2015, shi ne ɗan Koriya na farko da ya yi hakan, Sunwoo Yekwon kuma ya ci Van Cliburn a 2017. Ba tsautsayi ba ne. Tun farkon shekarun 1990 mutanen Koriya suka kafa jami'ar fasaha ta ƙasa, suka jera matakai daga makarantar unguwa har zuwa can sama, kowane mataki da malaminsa. Tsarin yana da nasa ciwon, kada mu ɓoye. Matsin da yaran Koriya ke sha a kan karatu da gasa sananne ne, iyaye na kashe dukiya, kuma a bayan kowane yaro ɗaya da ya fito akwai dubbai da suka ba da ƙuruciyarsu suka tashi ba su sami komai ba sai gajiya. Ba na yi wa 'ya'yanmu fatan wannan.

(Gajeren kiɗan kotso)

To, mu dawo gida. Masu sauraro, wannan jerin matakai da Koriya ta gina, mu ma muna da irinsa tun kafin a san za a yi rediyo. Ba shi da allo, ba shi da takardar shaida, amma yana da tsauri, kuma ya fitar da mutanen da har yau ba a maye gurbinsu ba.

Ku ɗauki Alhaji Musa Ɗanƙwairo. An haife shi a ƙasar Bakura, cikin Zamfara ta yau, a farkon ƙarnin da ya wuce. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗin noma ne, gidansu gidan kiɗa ne tun kaka. Musa yana ɗan shekara 6 zuwa 7 ya fara bin mahaifinsa wurin kiɗa. Ba waƙa aka ba shi ba, amshi aka ba shi. Da jagoranci ya bar hannun uban, ba a kansa ya faɗa ba, wansa Abdu Kurna ne ya gaji gidan, Musa ya zama Daudun Kiɗi, wato mataimaki. Mutumin da daga baya ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa, ya yi wa 'Yandoton Tsafe, muryarsa ta cika Arewa har ya rasu a 1991, ya yi shekaru masu yawa yana babban mutum, da iyalinsa, yana tsaye a bayan wansa yana karɓa masa.

Mutane na ɗauka amshi maimaita magana ce kawai. Ku sake sauraron faifan Ɗanƙwairo ko na Ibrahim Narambaɗa da kunnen basira. Jagora zai ɗauko magana ya sake ta a tsakiya, 'yan amshi su tarbe ta su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari daga nasu, su dire tare kamar bakin mutum ɗaya, daidai inda kotso ya sauka. Kafin ka iya wannan sai ka san numfashin maigidanka, ka san inda zai tsaya tun bai tsaya ba. A nan ake koyon riƙe murya ta daidaita da ta 'yan uwa. A nan ake haddace asalin sarakuna, wane ya haifi wane, wane ya ci wane gari, domin kuskuren suna ɗaya a gaban sarki ya isa ya rufe wa ƙungiya ƙofar fada. A nan ake koyon zama da tashi, da lokacin da ake yin shiru. Ɗan amshi yana jin waƙa ɗaya sau ɗaruruwa, a fada, a gona, a kan hanya, har ya gane dalilin da ya sa ta kama mutane jiya amma yau ta faɗi.

Ba sai mun je Zamfara ba. Dattawan da ke saurarona sun san makaɗan mahauta na kasuwanninmu, masu kalangun da ke sanar da gari cewa an yi yanka. Ku tuna yaron da ke biye da su. Ɗan shekara 7 ko 8, an rataya masa kurkutu a wuya, an ba shi 'yan sanduna biyu. Bugu ɗaya aka ɗora masa, shi zai riƙe tun daga bakin kasuwa har rumfar Sarkin Fawa, kada ya ƙara, kada ya rage, komai irin salon da uban ke yi a kansa. In ya yi gaggawa, uban ba ya tsayawa yin bayani. Harara ce, in ta ƙi a ɗan ƙwanƙwasa masa makaɗi a ka, kiɗa bai tsaya ba. Da an koma gida shi ne mai jiƙa fata, shi ne mai riƙe kango ana ɗaure tsarkiya, shi ke sanin ranar da damina ta sa kalangu ya yi sanyi sai an kai shi rana. Sai hannunsa ya zauna a ba shi ɗan karɓi. Sai an jima ƙwarai kafin a bar shi ya saƙala uwar kalangu a hammata, ya fara koyon matsawa da saki, ya matsa murya ta hau, ya saki ta sauka, har fatar akuya ta kira sunan mutum da takensa, mutumin ya waiwayo daga cikin taro. Tsarin ɗaya ne da na maƙera, inda yaro ke shekaru a kan zugazugi yana kallon launin ƙarfe a wuta kafin a miƙa masa guduma.

Yanzu na san abin da wani saurayi ke faɗa a majalisa. Yana cewa, "Malam, Shata fa? Wa ya koya wa Shata?" Tambaya ce mai kyau, kuma Shata maƙwabcinmu ne, don daga Rogo in ka bi ta Ɗanja, Bakori ba nisa. Gaskiya ne Mamman Shata bai gaji kiɗa ba. An haife shi a Musawa a 1923, mahaifinsa ma bai so ya yi waƙa ba, domin a ganinsa roƙo ne. Da tallan goro da alewa ya fara, yana waƙa a dandali don nishaɗi. Amma ku yi lissafi. Fitowar da ta kafa sunansa a birnin Kano ita ce ta bikin 'ya'yan sarki a 1952, lokacin yana dab da shekara 30. Tsakanin dandalin Musawa da wannan rana akwai shekaru fiye da 10 na yawon ƙauyuka da kasuwanni, da zaman Bakori a ƙarƙashin ubangidansa Abdullahi Inde. Dandali kuwa malami ne marar tausayi. 'Yan mata da samarin ƙauye ba sa yi maka kara, in waƙarka ba ta yi ba sai ka ga fili ya watse, kowa ya koma wurin abokin karawarka. Shata ya sha wannan jarrabawa dare bayan dare. Sannan kalangun da ke bayansa ba na'ura ba ce, mutane ne da suka san hannunsu, waɗanda in ya karkace za su ji, shi ma ya ji sun ji. Digirin girmamawar da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi a 1988 ya zo ne bayan an yi kusan rabin ƙarni ana wannan gwaji.

Wanda ya fi kama da mai fiyano a cikin namu, wato mutum ɗaya da abin kiɗansa ba tare da 'yan amshi ba, shi ne Adamu Ɗanmaraya Jos. An haife shi a Bukuru a 1946, iyayensa suka rasu yana ƙarami, Sarkin Bukuru wanda mahaifinsa ke yi wa kiɗa ya riƙe shi. A wata tafiya Maiduguri ya ga masu kuntigi, abin ya shiga ransa. Kuntigi fa gwangwani ne da aka rufe da fata, da tsarkiya ɗaya tak. Mai fiyano yana da madannai 88, Ɗanmaraya yana da tsarkiya ɗaya, kuma da ita ya zaga ƙasashe, yana yi wa karen mota da talaka waƙa har ya rasu a 2015. Tsarkiya ɗaya ba ta da inda mutum zai ɓuya.

Me ya faru da wannan tsari na koyo a hannun maigida? Ba lalacewar yaran zamani ba ce, kamar yadda muke son faɗa. Lissafin kuɗi ne. Fim ɗin Hausa na bidiyo ya fara da Turmin Danya a Kano a 1990. Zuwa ƙarshen shekarun 1990, ɗakunan ɗaukar sauti irin na Iyan-Tama sun shigo da fiyanon Yamaha mai kwaikwayon sautin ganga da sarewa, fim ɗin Sangaya ya zo ya nuna cewa kasuwa na son wannan sauti. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya bi diddigin wannan sauyi a rubuce-rubucensa. Daga nan mutum ɗaya ya iya yin aikin da dā sai ƙungiya guda. Mai biki ya duba kuɗin ɗauko makaɗa takwas da motarsu da abincinsu, ya duba kuɗin DJ ɗaya da lasifikarsa, ya zaɓi mai sauƙi. Ba za ka zarge shi ba. Sai dai da ƙungiya ta watse, gurbin yaron da ke tsaye a baya ya tafi tare da ita. Mun karɓi sabon kayan kiɗa, ba mu karɓo makarantarsa ba, tamu kuma muka bar ta ta mutu.

Makarantun da ke koyar da fiyano a tsare a Nijeriya, yawancinsu a Kudu suke. Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun farkon shekarun 1960, a Legas kuma akwai ƙungiyar MUSON da aka kafa a 1983, mai makarantar kiɗa a Onikan. Wani abin sha'awa, ɗaya daga cikin manyan masanan da ƙasar nan ta fitar a wannan fanni, marigayi Akin Euba, wanda ya yi karatun fiyano a Ingila, ya ƙare ne yana neman hanyar da zai sa fiyano ya yi magana irin ta gangunan Yarabawa. Ya je can ƙarshen ilimin Turawa ya dawo yana neman abin da mai kalangun kasuwarmu ke yi da hammatarsa. Hausa ma harshe ne mai hawa da sauka, kuma madannin fiyano sauti ɗaya yake bayarwa, ba ya lanƙwasa. Shi ya sa za ka ji wata waƙar zamani kiɗan ya ja kalma sama alhali a bakin Bahaushe ƙasa take sauka, sai ka ji maganar ta zama baƙuwa. Yaron da ya zauna da mai kalangu ba zai yi wannan kuskure ba, kunnensa ba zai bar shi ba.

(Gajeren kiɗan kalangu)

Iyaye, ga tawa shawarar. In ba ka yarda ɗanka ya yi wannan sana'a ba, haƙƙinka ne, amma ka faɗa masa a fili, ka kuma kama hannunsa ka kai shi wata. Abin da ya fi cutarwa shi ne ka ƙi yarda, ka kuma ƙi hanawa, yaro ya sulale ya tafi birni babu wanda ya san a hannun wa yake. In kuwa ka bar shi, to ka yi abin da kakanninmu ke yi in za su ba da yaro koyon sana'a: ka taka da ƙafarka ka ga maigidan. Ka tambayi inda yaron zai kwana, da wa zai kula da sallarsa, da yadda zai ci gaba da karatunsa. Ka tambayi maigidan shi wa ya koya masa, shekara nawa ya yi a hannunsa. Wanda ya ce maka shi ba wanda ya koya masa komai, ka yi hattara, don da wuya ya san yadda ake koyarwa.

Akwai kuma bambanci tsakanin hidimar da ke koyarwa da hidimar da ke cin yaro. Ɗan kurkutu yana hidima, amma yana cikin kiɗan, kunnensa na aiki. Yaron da ya shekara yana sayo man janareto da kai wa baƙi abinci, in an fara aiki a ce ya jira a waje, wannan ba almajirin sana'a ba ne, ɗan aike ne da ba a biya. In ɗanka ya zo hutun salla, kada ka tambaye shi waƙa nawa ya fitar. Ka tambaye shi sau nawa maigidansa ya zaunar da shi ya saurari hannunsa.

Ku kuma samari, 'yan ƙannena, ga gwajin da za ku yi wa kanku ba tare da kowa ya gani ba. Ka kashe gangar na'urar, ka riƙe lokaci da ƙafarka, ka kaɗa waƙa ɗaya daga farko har ƙarshe. Ka manta da maɓallin ɗaga sauti, ka koyi waƙar nan a wurare uku dabam-dabam a kan madannai, har da baƙaƙen da kake gudu. Ka ajiye waya ka sa hannun hagu aiki. Ka yi a hankali, a hankali ƙwarai, har ya gundure ka, domin gwanayen fiyano na duniya haka suke yini suna nanata layi ɗaya, kuma kuskuren da sauri ke ɓoyewa a nan yake fitowa. Ka ɗauki kanka a waya ka saurara washegari da safe, lokacin da zumuɗi ya kwanta. Sannan ka nemo mutum ɗaya wanda ya fi ka, wanda ba ya jin kunyarka, ba kuma ya neman komai a wurinka, ka riƙa kai masa aikinka kafin ka kai wa duniya. Masu danna maka alamar so a Facebook ba za su yi maka wannan aiki ba.

Mutumin nan kuwa mai yiwuwa yana nan cikin garinku, ba ka taɓa kallonsa a matsayin malami ba. Tun 2024 masarautar Ƙaraye ta ƙunshi ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo, kuma bisa al'ada da salla ake hawa. In an fito, ku bar kallon dawakai na ɗan lokaci ku dubi masu algaita da masu ganguna. Ku dubi furfurarsu, sannan ku duba ko akwai yaro a bayansu. Haka masu gangar noma da ake kira in za a yi gayya, da masu kalangun mahauta, da tsofaffin mata masu kiɗan ƙwarya a gidan biki. Kowane ɗayansu yana ɗauke da take da kirari na gidaje da unguwanni waɗanda ba a rubuta a ko'ina ba. Saurayin da ke da fiyano da waya mai ɗaukar sauti, in ya je da ladabi, ya gaida dattijo, ya kai masa ɗan goro, ya nemi izini kafin ya ɗauka, zai dawo da abin da babu shi a cikin kowace na'urar Yamaha. Ina kuma roƙon hakimai da dagatai da shugabannin makarantunmu su sa baki, ko da zama ɗaya ne a wata a zauren mai unguwa, dattijo da kalangunsa, yara da kunnuwansu.

Masu sauraro, muna so ku taimaka mana da abu guda. Duk wanda ya san wani tsohon makaɗi a garinsu, daga Zoza har Kafin Dabga, wanda ke da lafiyar da zai yi magana kuma ya yarda a zo, ya aiko mana da sunan garin ta hanyar da kuka saba aiko da saƙonninku. Za mu je mu same shi, mu tambaye shi a hannun wa ya koya da shekarun da ya yi a baya kafin a ba shi gaba, ku ji daga bakinsa a shirye-shiryenmu masu zuwa.

Lokaci ya cim mana.  

(Kiɗan rufe shiri)